Rijiya Kafin Wa'azi: Tarihin Limaman Katolika a Ƙasar Yauri da Bakin Tafkin Kainji

Kamar yadda muka saba, ga rubutaccen shirin wannan makon saboda 'yan uwa da data ba ta isarsu su saurari murya.

Yau zan taɓo maganar da na san wasu za su ce, "Kai kuma me ya kai ka?" Zan yi magana ne a kan limaman cocin Katolika, waɗanda muke kira Fada, da tarihin zamansu a ƙasar Yauri, Ngaski, Shanga da tsallaken kogi. Bari in share fage tun yanzu. Ni Musulmi ne, ban zo tallan addinin kowa ba, kuma ba wanda ya biya ni. Abin da ya sa na ɗauko batun shi ne mu matasa masu kiran kanmu 'yan gwagwarmaya kullum bakinmu na kan "hidima ga al'umma", alhali ga wasu mutane nan a ƙofar gidanmu da suka shafe shekaru kusan saba'in suna wani irin aiki, mu kuwa ko labarinsu ba mu sani ba. Ka yarda da aƙidarsu ko kar ka yarda, wannan daban. Amma tarihin ƙasarmu ne, ya kamata mu san shi.

Da farko, wane ne Fada?

Ba a wayi gari mutum ya zama Fada ba. Bayan sakandare zai shiga makarantarsu ta horar da limamai, ya yi wajen shekara takwas zuwa goma yana karatun falsafa da ilimin addininsu. Ranar da za a naɗa shi zai ɗauki alkawarin ba zai yi aure ba har ya mutu, kuma zai bi umarnin shugabansa. Ma'ana idan aka ce masa gobe ka tattara ka koma ƙauye kaza, ba wuta ba sabis, ba shi da ta cewa. Wasu ƙungiyoyin cikinsu, irin 'yan Dominikan, suna ƙarawa da alkawarin ba za su mallaki dukiya ta ƙashin kansu ba. Motar da yake hawa ta ƙungiya ce, ɗakin da yake kwana ma haka.

Suna kuma da wata al'ada duk shekara, ranar Alhamis ɗin da ke kafin Ista. Fada zai durƙusa ya wanke ƙafafun mutum goma sha biyu daga cikin mabiyansa, don ya tuna cewa shi mai hidima ne. A 2013 Fafaroma Francis ya yi nasa wankin ƙafar a gidan yarin kangararrun yara a birnin Rum, kuma cikin waɗanda ya wanke wa har da Musulmi. To wannan shi ne abin da suke cewa suna nufi. Ko suna cikawa? Za mu zo nan, ku yi haƙuri.

Mu koma baya. A ranar 8 ga Disamba 1856, a birnin Liyon na Faransa, wani bishop mai suna Melchior de Marion Brésillac ya kafa ƙungiyar da ake kira SMA, wadda aikinta kawai shi ne tura limamai Afirka. Shi da kansa ya sauka Firitawun ta Saliyo a watan Mayun 1859, ya tarar ana annobar shawara. Mako shida kacal ya yi a ƙasar ya mutu, kuma kusan duk abokan tafiyarsa su ma suka mutu a cikin makonnin nan. A wancan zamanin, saurayin da ya hau jirgin ruwa zuwa Afirka ta Yamma ya san mai yiwuwa ba zai sake ganin uwarsa ba. Duk da haka wasu suka ci gaba da zuwa. A 1884 suka iso Lakwaja, a 1907 suka hau Binuwai da kwalekwale suka kafa zango a Shendam.

To me ya hana su isowa wajenmu da wuri? Siyasa ce. Lokacin da Turawan mulkin mallaka suka ci Sakkwato a 1903, Lugga ya yi wa sarakuna alkawarin ba za a taɓa addininsu ba. Saboda haka aka daɗe ana taƙaita shigar 'yan mishan ƙasashen sarakunan Musulmi. Kun ga ashe maganar da muke yawan yi cewa Bature mai mulki da Bature ɗan mishan duk bakinsu ɗaya ne, a nan Arewa ba haka take kai tsaye ba. Sau da yawa Razdan ne ma ke hana ɗan mishan shiga gari, don ba ya son abin da zai ɓata masa da sarki. A yankinmu ma ba Katolika ne suka fara zuwa ba, 'yan mishan na UMS sun riga su zama a wurare irin su Zuru, Salka da Tungan Magajiya.

Sai a 1953 aka yanke ƙasar Sakkwato da Katsina aka ba limaman Dominikan daga Amurka, ƙarƙashin Fada Edward Lawton, wanda ya zama bishop na farko na Sakkwato a 1964. Gusau ce cibiyarsu ta farko, daga nan suka buɗe zango a wasu garuruwa, ciki har da Malumfashi da Yelwar Yauri. A 1956 sistoci 'yan Dominikan daga jihar Kansas suka biyo su, suna aikin jinya da karɓar haihuwa a Gusau, daga baya har Yelwa.

Ga wani abin lura. A farkon zuwansu, yawancin masu cika musu coci ba 'yan ƙasa ba ne. 'Yan kudu ne, ma'aikatan gwamnati da na reluwe da 'yan kasuwa, galibi Ibo. Sai rikicin 1966 ya ɓarke, aka kashe na kashewa, sauran suka gudu gida. Coci ya wayi gari wayam, kuma a ƙarshen shekarar nan Bishop Lawton ya rasu. A lissafi irin namu, ai kasuwa ta watse, sai a naɗe tabarma a koma Amurka. Ba su koma ba. Suka juya suka fuskanci mutanen karkara: Maguzawa a wajen Malumfashi, a wajenmu kuma Dukkawa da Kambari da sauransu. Wato mutanen da mu mazauna gari muke kira da sunan da ba zan maimaita a shirin nan ba, muna sayen dawarsu da arha ranar kasuwa, amma ba mu taɓa tambayar ruwan da suke sha ba.

A daidai wannan lokacin ne kuma ƙasar Yauri take cikin babban sauyi. An fara ginin madatsar ruwan Kainji a 1964, aka gama a 1968. Ruwa ya taso ya cinye tsohuwar Busa, ya cinye gungunan da Gungawa suka gada kaka da kakanni suna noman albasa da kamun kifi. Mutum sama da 40,000 aka tasa aka mayar sababbin matsugunai. Ku duba abin nan da kyau: an tashi mutane don a samar wa Najeriya wutar lantarki, amma har yau akwai ƙauyuka a bakin tafkin nan da ba su taɓa ganin kwan lantarki ya kama ba. Wannan maganar wani shirin ce daban, in sha Allahu za mu yi ta.

Cikin limaman da suka zauna a yankin a shekarun nan akwai Fada Ceslaus Prazan. Mutumin nan ya zauna da Dukkawa, yana bin su ƙauye ƙauye, yana tambaya yana rubutawa: yadda suke aure, yadda saurayi ke yi wa surukai noman gwalmo na shekaru kafin a ba shi mata, yadda suke biso, yadda suke shari'a. A 1977 aka buga littafinsa a kan Dukkawa a Amurka, kuma har gobe ɗalibin da zai yi bincike a kansu sai ya nemo shi. Ni wannan ya fi komai ba ni kunya. Mu muna maƙwabtaka da Dukkawa shekaru aru aru, amma sai da wani ya taso daga wata uwa duniya ya zauna a tabarmarsu ya ɗauke su da muhimmancin da har zai rubuta littafi a kansu.

A shekarun 1970 gwamnatoci suka karɓe makarantu da asibitocin mishan da yawa a ƙasar nan. Wanda ya gina abu da guminsa aka ce ya miƙa makulli, ya miƙa. Nan ma wani sabon fara wa ne.

Yanzu mu tsallaka kogi. In ka shiga jirgi a Zamare ka sauka Rofiya, ka shiga ƙasar Agwara da Borgu ta jihar Neja. A taswira jiha daban ce, amma mu mun san jama'a ɗaya ce, kasuwa ɗaya, auratayya ɗaya. A can limaman SMA 'yan ƙasar Ailan ne suka shiga cikin Kambari, kuma sunan da ya fi fita shi ne Fada Timothy Carroll, ɗan yankin Kok. Shi da abokan aikinsa abin da aka fi saninsu da shi shi ne rijiya. Ka je ƙauye ka tarar mata na tafiyar awanni da rani neman ruwa, wanda suka samo ɗin ma na kududdufi ne, yara na mutuwa da gudawa, manya na kwance da kurkunu lokacin da ya kamata su kasance a gona. Me za ka fara gaya wa mutumin da ke cikin wannan halin? Sai suka fara da diga da shebur. Suka koya wa samarin ƙauye haƙa rijiya da ɗaure ta da siminti. Da rani kuma, lokacin da ba aikin gona, sai a tara yara da samari a yi musu ajin yaƙi da jahilci na 'yan watanni, su koyi karatu da rubutu da lissafi. Ga kuma ɗakunan shan magani.

Matasa masu ƙaramar kungiya, ku lura da dabarar nan. Ba su ce wa manomi ya bar gona ya zo aji da damina ba. Sun duba kalandar mutanen ne suka shiga cikinta. Wannan ba ya samuwa sai ga wanda ya zauna ya ga damina ya ga rani a wuri ɗaya, ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba.

A watan Disamban 1995 aka haɗa waɗannan yankuna, daga ɓangaren Ilori da Minna da Sakkwato, aka yi musu shugabanci guda a Kwantagora, aka ba Fada Carroll riƙo. Ƙasar Yauri da Zuru suna cikin wannan yanki. A 2002 aka naɗa shi bishop. A 2010 ya ajiye muƙamin da kansa ya sauka. A 2012 aka naɗa Bulus Dauwa Yohanna, ɗan yankin, wanda ya taso cikin jama'ar nan, kuma a 2020 Kwantagora ta zama cikakkiyar dayosis. Wato baƙon ya yi aiki ya kauce, daga baya ɗan gida ya hau kujera. Ku faɗa min tsakani da Allah, ƙungiyoyin matasa nawa kuka sani da shugabansu na farko ya sauka ba tare da an raba ƙungiyar gida biyu ba?

Yau kusan duk limaman da ke wannan aiki 'yan Najeriya ne, kuma abin da suka gada ya fi na Turawan haɗari. Da sauro da shawara ake tsoro, yanzu bindiga ce. A Mayun 2021 aka shiga gidan limamai a Malumfashi aka kashe Fada Alphonsus Bello, matashi ɗan shekara talatin da 'yan kai. A ranar 15 ga Janairun 2023, a Kafin Koro ta jihar Neja, aka banka wa gidan Fada Isaac Achi wuta yana ciki ya ƙone. Wannan mutumin shi ne limamin cocin Madalla ranar Kirsimetin 2011 da bam ya tashi ya kashe gomman mabiyansa. Ya tsira a can, bai gudu ya bar aikin ba, ajali ya same shi a wani ƙauyen.

Sannan ga Papiri. Makarantar St. Mary da ke can limaman SMA ne suka kafa ta, sistoci ke tafiyar da ita, kuma yawancin yaran 'ya'yan manoman Kambari ne, wasunsu su ne na farko a gidansu da suka taɓa riƙe fensir. A daren 21 ga Nuwamban 2025 'yan bindiga suka shiga suka kwashe yara da malamai. Adadin da ƙungiyar CAN ta bayar shi ne ɗalibai 303 da malamai 12. Wasu suka kuɓuto da ƙafarsu, sauran aka sako su kashi kashi kafin ƙarshen Disamba. Bishop Bulus Yohanna, wanda makarantar ke ƙarƙashinsa, shi ne ya riƙa tsayawa gaban iyaye da 'yan jarida a makonnin nan.

Mu a Yauri ba sai an fassara mana wannan ciwon ba. Mun ga na FGC Birnin Yauri ranar 17 ga Yunin 2021, inda wasu 'yan matan suka kusa shekara biyu a daji. Kwana huɗu kafin Papiri kuma aka shiga makarantar 'yan mata ta Maga, aka kashe mataimakin shugaban makarantar, Malam Hassan Makuku. Ɗan bindiga bai tambayi addinin kowa ba. Malamin Maga da Fadan Kafin Koro duk mutane ne da suka kwana a bakin aikinsu a wurin da masu hali suka daɗe da kwashe iyalansu.

To yanzu mu zo kan tambayar da na san tana cin wasu tun ɗazu. "Malam, ai duk wannan tarko ne. Rijiya da magani ƙugiya ce, addininsu suke yaɗawa."

Ba zan yi muku ƙarya ba, e, sun zo ne da niyyar yaɗa addininsu, su ma ba su ɓoye ba. Kuma a cikin Kambari da Dukkawa mutane da dama sun bi su. Amma mu duba ɗaya gefen. Wani masani ɗan Amurka, Frank Salamone, ya yi bincike a Yauri a farkon shekarun 1970, ya rubuta yadda Gungawa da yawa bayan tashin Kainji suka riƙa shiga Musulunci suna rikiɗewa Hausawa. Ƙasar Yauri ta Musulmi ce jiya, ta Musulmi ce yau. Da lissafin riba kawai ake yi, da tuni an rufe shagon. Kuma rijiya in an haƙa ta, Bafillatana da garwarta ba a tambayarta takardar baftisma kafin ta ja ruwa.

Abin da ya fi wannan muhimmanci shi ne tambayar da ya kamata mu juyo wa kanmu. In har rijiya ɗaya ta isa ta ja zuciyar ƙauye guda, ina muke lokacin da suke shan ruwan kududdufi? Addininmu ya yi maganar shayar da ruwa, ya yi maganar haƙƙin maƙwabci, muna da zakka muna da waƙafi, muna da attajirai. Wanda bai je ba, ba shi da bakin zargin wanda ya je. In ka ga ana rububin wani a ƙauyen da ka raina, to ka bincika, wataƙila shi kaɗai ne ya taɓa zama ya sha ruwansu.

Haka kuma kar wani ya fita daga shirin nan yana cewa na ce kowane Fada waliyyi ne. A'a. Cocin Katolika ya sha abin kunya a duniya kan limaman da suka ci zarafin yara da manyan da suka rufa musu asiri, har Fafaroma da kansa ya fito ya nemi gafara. A nan gida ma mabiyansu na ƙorafin wasu limaman da suka fi son cocin birni mai yawan baiko da manyan motoci. Riga ba ta gyara hali, ko fara ce ko rawani ne. Mu ma muna da namu masu wa'azin da ba sa zuwa inda ba ambulan. Kuma muna da irin su Liman Abubakar Abdullahi na Yelwar Barikin Ladi a Filato, wanda a Yunin 2018 ya ɓoye Kiristoci sama da 200 a masallacinsa da gidansa, ya tsaya a ƙofa ya ƙi miƙa su. Shi da Fadan da ya ƙi barin ƙauye, a wajena 'yan aji ɗaya ne.

Bari in rufe da laifin kaina, don kar a ce wasu kawai nake nuna wa yatsa. Shekarun baya ni da abokaina mun tara kuɗi muka sayi littattafan rubutu da fensir, muka ɗauki hayar mota zuwa wani ƙauye a ƙasar Shanga. Mun buga riguna iri ɗaya, kuma in gaya muku gaskiya, kuɗin rigunan da na allon da muka rataya ya kusa kamo na littattafan. Muka jera yara a rana, muka yi hotuna, muka yi ɗan jawabi. Duka duka ba mu cika awa ɗaya ba. Muna shiga mota wani dattijo ya dafa ƙofa ya ce min, "Yaro, an gode. Amma malamin da zai koya musu abin da za su rubuta a ciki, yaushe zai zo?" Na ce masa, "Baba, in sha Allahu muna nan dawowa." A daren nan hotunan suka zaga Facebook, aka yi ta sa mana albarka. Yau shekara nawa ke nan, ban koma ba. Ko sunan dattijon ban tambaya ba.

Da nake karanta tarihin limaman nan, maganarsa ce ta riƙa dawo min. Ba kuɗi suka fi mu ba, da yawansu da babur da fitilar ƙwai suka yi rayuwarsu. Zama suka fi mu. Sun koyi harshen mutane, sun ci tuwonsu, sun yi zazzaɓi a ɗakunansu, kuma mafi yawansu ko ni da na yi bincike ban iya kawo muku sunayensu ba, don ba su bar hoto ba.

Saboda haka ga abin da nake roƙon duk wata ƙungiyar matasa da ke jin mu daga Yelwa, Wara, Shanga, Birnin Yauri har tsallake. Ku zaɓi ƙauye ɗaya tak. Ku yi masa alkawarin shekara uku. Ranin nan mai zuwa, waɗanda suka gama NCE da digiri suna zaune a majalisa, ku raba kwanaki ku je ku yi ajin karatu da rubutu. In akwai rijiyar da ta rufta ko famfon da ya lalace, ku fara da shi. Ku koyi gaisuwa da Kambarci ko Dukkanci ko Gunganci kafin ku buɗe baki ku yi wa kowa nasiha. Wata ukun farko kuma ku bar waya a aljihu. Ni na yi niyyar komawa ƙauyen can na Shanga bayan girbi, kuma na faɗa a nan ne don ku riƙe ni da maganata.

'Yan uwanmu Kiristoci na yankin, musamman dattawan da suka yi zamani da limaman Yelwa, in akwai abin da kuka sani ku turo mana, mu ƙara a shiri na gaba. Wanda kuma bai yarda da ni ba, bismillah, a yi muhawara cikin mutunci, ban da zagi.

Allah Ya jiƙan waɗanda muka rasa, Ya kawo mana ƙarshen wannan masifa, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya. Sai mun haɗu a mako mai zuwa. Wassalamu alaikum.